Gansakuka: Mu Ne Muke Ciyar Da Ita

A ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu akwai wani akwatin gilashi wanda muke kiwon 'yan ƙananan karfasa a cikinsa. A zangon karatun da ya wuce aka ɗora wa mu huɗu daga ajinmu aikin kula da shi. Saboda ɗoki, kowa ya zo wucewa sai ya watsa wa kifin ɗan abinci, wannan dusa, wancan ɓarɓashin burodi. Ba a yi mako uku ba sai wani yauƙi kore shar ya lulluɓe tsakuwar da ke ƙasa da jikin gilashin, ruwan kuma ya ɗauki wari kamar na tsohuwar rijiya. Muka kwashe, muka goge, muka sake ruwa. Bayan kwana biyar sai ga shi ya dawo, har ya fi na da. Da muka kai kuka wurin malaminmu na kimiyya, sai ya yi dariya ya ce, "Ku da kuke ba shi tuwo safe da yamma, don me zai tafi?"

Wannan magana ta Malam ita ce ta sa ni yin wannan rubutu, domin na lura abin da muka yi wa akwatin nan shi ne muke yi wa ruwan da mu da dabbobinmu muke sha.

Mu Hausawa duk wani kore-kore da muka gani a kan ruwa gansakuka muke ce masa, amma ba duka ba ne iri ɗaya. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda ɗan tsiro ce, ba ta cika yin lahani ba. Akwai kuma wadda ke kwanciya a kan ruwa kamar an zuba koren fenti. Ita wannan ba tsiro ba ce, taron ƙwayoyin halitta ne ƙanana ƙwarai, dangin bakteriya, masana suna kiransu sayanobakteriya. Abin da suke so bai wuce uku ba: rana mai zafi, da ruwan da ba ya motsi, da abinci. Abincin nasu kuwa shi ne sinadaran naitirojin da fosfaras. Duk ɗan manomi ya san buhun takin zamani mai rubutun NPK. To, haruffa biyun farko ɗin nan, su ne tuwonsu da miyarsu.

Malam ya ba mu labarin cewa a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kashe kuɗi da yawa suna kiwon kifin teku da murjani a cikin akwatunan ruwan gishiri a ɗakunansu, don sha'awa kawai. Su ma waɗannan ƙwayoyi suna damunsu, sai dai nasu yauƙin ja ne, yakan rufe murjanin har ya kashe shi. Mai gaggawa a cikinsu yakan sayi magani ya zuba, yauƙin ya ɓace, ya yi murna, bayan 'yan makonni ya dawo. Wanda ya san abin da yake yi kuwa sai ya rage abincin kifi, ya ƙara motsin ruwa, ya rage haske, ya riƙa zuƙe dattin da ya kwanta. Haka muka yi da namu, a cikin wata ɗaya ruwan ya washe. Amma fa su in abin ya ɓaci, murjani suka rasa. Mu kuwa maganar ruwan sha ce.

Duk wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya san yadda kududdufai suke zama in an shiga watan Maris zuwa Mayu. Ruwa ya ja baya, rana ta buɗe, sai ka ga saman kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ya yi kore, iska ta tara kumfar a gefe ɗaya. A gefen nan ne yara ke wanka, nan awaki da shanu ke sa baki. Gulbin Sakkwato ma, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau da Bunguɗu kafin ya faɗa madatsar Bakolori, da rani yakan tsinke ya zama guntaye-guntayen tafkuna marasa gudu. Sai mu tambayi kanmu, me muke zubawa a cikinsu? Ruwan kwata na gidajenmu can ya nufa. Juji a bakin kududdufi muke tara shi. Kashin dabbobi, da ruwan wanki, da bayan gidan waɗanda ba su da masai, duk ruwan sama na farko ya kwasa ya kai can. Mai lambu a fadama ya barbaɗa taki fiye da yadda shuka ke bukata, ya yi ban ruwa, rarar ta gangara gulbi. Ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ciyar da abokin gaba.

Na ce abokin gaba, domin wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna yin dafi. Wanda ya fi shahara ana kiransa maikurosistin, hanta yake kamawa. Tun a 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da karnuka da suka mutu bayan sun sha ruwan wani tafki a Ostareliya. A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Birazil, fiye da mutum 50 masu ciwon ƙoda suka rasu saboda ruwan da aka yi amfani da shi wajen wanke musu jini yana ɗauke da dafin. A watan Agusta na 2014, mutum wajen 400,000 a birnin Toledo na Amurka suka yi kwana uku an hana su shan ruwan famfo. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumar ƙasar ta ce dafin irin waɗannan ƙwayoyi ne sanadi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga ɗan akuya, ina kuma ga yaro ɗan shekara uku? Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1998 ta sa iyaka: kada dafin ya wuce maikurogiram 1 a lita guda ta ruwan sha, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram.

Iyayenmu mata, a nan nake roƙon ku saurare ni. An koya mana cewa a tafasa ruwa kafin a sha, kuma gaskiya ne, tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Amma ba ta kashe wannan dafi. Mutanen Toledo ma gargaɗin da aka yi musu shi ne kada su tafasa, don ruwa na ƙonewa dafin na ƙara kauri. Alif da muke jefawa a randa yakan kwantar da datti da wasu ƙwayoyin, amma dafin da ya riga ya narke yana nan. Saboda haka ruwan da ya yi koren fenti, a bar shi kawai. In babu rijiya ko famfo kusa, gara a tona rairayi nesa kaɗan da bakin ruwan a ɗebi wanda ya tsatso, don yashi yana tacewa.

Na san wani dattijo zai ce, "Kai yaro, kakanninmu sun sha ruwan kududdufi sun tsufa." Haka ne, Baba. Amma kakanninmu ba su da takin zamani, kuma Gusau ta lokacinsu ba Gusau ta yau ba ce, wadda tun da ta zama babban birnin jiha a 1996 take ta cika tana batsewa. Dattin da mutum ɗari suka zubar ruwa yana iya shanyewa, na dubu ɗari kuwa sai ya gaza. Kuma ban ce duk koren ruwa dafi ba ne. Matan Kanembu a wajen Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wani iri, su shanya, su yi miya da shi, kuma yana gina jiki. Matsalar ita ce ido ba ya bambanta mai dafi da marar dafi.

Wasu kuma za su ce a sayo magani a zuba a huta. Akwai wani shuɗin gishirin tagulla da ake yin haka da shi. Amma in ƙwayoyin suka mutu gaba ɗaya sai su fashe, dafin da ke cikinsu ya bazu a ruwa, ruɓewarsu kuma ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Masu kiwon tarwaɗa da karfasa a bayan gari su lura: in ruwa ya yi kore ƙwarai, da asuba kifi kan taso sama suna haki, don a lokacin ne iskar ta fi ƙaranci. Bayan duk wannan asara, muddin kwata tana kwarara, gansakuka za ta dawo kamar yadda ta dawo mana a akwati.

A ganina aikin na masu unguwanni ne da iyaye kafin ya zama na hukuma. A ɗauke juji daga bakin kududdufi. A haƙa wa ruwan wanka rami a gida maimakon a sake shi titi. Manomin fadama ya binne takinsa a gindin shuka, ya bar ciyawa tsakanin gonarsa da bakin gulbi don ta tare abin da ya gangaro. A keɓe wa dabbobi mashaya, a riƙa ɗebo musu a kwami maimakon su shiga ruwan su yi kashi a ciki. Ita kuma hukumar ruwa muna fata ta riƙa auna ruwan madatsai da bazara, ta kuma faɗa wa jama'a abin da ta gani.

Mu 'yan makaranta muna da namu. Akwai gwaji biyu da ba su bukatar ko sisi. Ka sa sanda a cikin koren ka ɗago: in ya fito da zare-zare, mai sauƙin ce, in ya fito kamar an tsoma shi a fenti, a yi hattara. Ko kuma ka ɗebi ruwan a kwalba, ba tare da ka taɓa da hannu ba, ka ajiye a wuri mai sanyi ya kwana: in koren ya taso sama ya yi zobe, alamar su ne. Ƙungiyarmu ta kimiyya ta yanke shawara cewa daga watan Maris kowane ɗan ƙungiya zai riƙa gwada kududdufin unguwarsu duk ranar Asabar, mu rubuta a littafi guda, a ƙarshen zango mu kai wa masu unguwanni. Wanda yake so ya shiga ya same mu a ɗakin gwaje-gwaje ranar Laraba bayan la'asar, ya zo da kwalba mai murfi.