RA'AYINMU: Ba Kowane Tabo Ne Mai Yake Gogewa Ba

Duk wanda ya zaga shagunan kayan shafa a Dutsin-Ma ko Kurfi zai ga robobin mai marasa suna, waɗanda ake kira "haɗi", ana sayar wa 'yan mata da matan aure da alƙawarin goge tabo da daidaita launin fata. Abin takaici shi ne, da mai sayarwa da mai saye babu wanda yake tsayawa ya tambayi abin da ya kawo tabon. Alhali tabo iri-iri ne, kowanne da sanadinsa da maganinsa.

Launin fatar ɗan Adam daga wani sinadari yake mai suna melanin, wanda yake kare mu daga zafin rana. Idan ya yi yawa a wani wuri sai wurin ya yi duhu, idan ya ragu sai ya yi fari. Akwai duhun da ke fitowa a kumatu da goshin mai juna biyu ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, rana tana ƙara shi, kuma sau da yawa yakan dushe bayan haihuwa. Akwai tabon da kuraje ko ƙuna ke bari, wanda kan ɗauki watanni kafin ya ɓace, matsa kurajen kuwa ƙara shi yake yi. Akwai kyasbi, wanda ƙwayar cuta ce irin ta funfuna, yana da maganinsa mai sauƙi, sai dai launin yakan jima kafin ya dawo. Akwai albaras, inda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin da ke yin launi. Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa.

Guda biyu kuwa gargaɗi ne. Baƙin da ke yin kauri a bayan wuya da hammata yana iya zama alamar ciwon sukari na tafe. Sannan tabo mai haske wanda ba a jin taɓawa a kansa yana iya zama farkon kuturta, cutar da ake warkewa daga gare ta da magani na wata 6 zuwa 12, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995. Wanda ya rufe irin wannan da mai, lokacinsa kawai yake ɓatawa har cutar ta kai ga yatsu.

To me ke cikin haɗin? Galibi abu uku ne. Sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, kyasbi ya bazu, har ya kai ga hawan jini da sukari. Haidarokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu da ya fi na farko muni da wuyar magani. Sai zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga jaririn da ke ciki. Wato an je neman gira, an rasa ido.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara hasken fata. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Amma sanarwa ba ta kwashe roba daga kanta.

Magani yana farawa ne da sanin cutar. Mai tabo ya je babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi a duba shi, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Likita kan rubuta wasu daga cikin waɗannan magunguna, amma da awo, a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi ta nemi likita ya janye ta a hankali, domin dainawa farat ɗaya kan sa fata ta rikice. A kuma kiyayi rana: malafa ga masu noman rani a bakin madatsar Zobe, lema da man kare rana ga mai hali. Man kaɗanya ya isa wajen laushin fata.

Ba mata kaɗai ke da laifi ba. Muddin maza na cewa "fara ko mayya", iyaye kuma na kai amarya gyaran jiki don ta sauya launi cikin mako biyu, to kasuwar haɗi ba za ta mutu ba. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta sanya bambancin launukanmu cikin ayoyin Allah. Ya kamata malamai su faɗi wannan a kan mumbari, NAFDAC ta shiga kasuwannin ƙauye, magidanta kuma su duba abin da ake shafa wa 'ya'yansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gane.