Ɓeran Masar Amana Ne

A garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi, da ƙauyukan da ke kewaye da su, yara suna son kiwo ƙwarai. Wani ya kan ajiye tantabaru, wani zomaye, wani kuwa 'yan tsaki. Akwai kuma masu kiwon wata 'yar dabba mai gajerun ƙafafu da laushin gashi, wadda ba a ganin wutsiyarta. Ita ce a ke kira ɓeran Masar.

Kiwo abu ne mai kyau, gama ya kan koya wa yaro tausayi da tattali. Amma akwai abu guda da ya kamata kowane yaro ya sani tun bai sayi dabba ba. Dabbar da aka sa a keji amana ce. Wanda ya ɗauke ta, wajibi ne ya ba ta hakkinta. In kuwa ya ga ba zai iya ba, sai ya miƙa ta ga wanda zai iya. Yin haka ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a bar ta ta lalace a hannu.

Ko da ya ke sunansa ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, a ƙasashen da ke kan duwatsun Andis, watau Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa cikin gidajensu. A ƙarni na 16 fatake suka ɗauke shi a jiragen ruwa suka kai Turai, daga nan ya bazu cikin duniya. In ya sami kulawa ya kan yi shekara 5 zuwa 7. Ke nan yaron da ya saye shi yana aji uku, zai gama aji shida dabbarsa tana nan da rai, tana jiran abinci safe da yamma.

To, mene ne hakkinsa?

Na fari, abinci. Haƙoran ɓeran Masar guda 20 ne, kuma ba su daina tsiro har ya mutu. Tauna ciyawa ita ke rage masu tsawo. In an hana shi ciyawa, aka riƙa ba shi dusa kaɗai ko sauran tuwo, haƙoran su kan yi tsawo har su hana shi ci. Saboda haka kada kejinsa ya rabu da ciyawa dare da rana, ɗanya ko busasshiya, a haɗa masa da 'yar harawa.

Ban da ciyawa, yana bukatar ɗanyen ganye kowace rana. Dalili kuwa shi ne, akwai wani sinadari da a ke kira bitamin C. Akuya da zomo da kaza duk jikinsu yana yin wannan sinadari da kansa. Amma jikin ɓeran Masar ba ya yi, kamar yadda na ɗan Adam ba ya yi, sai dai ya samu daga abinci. In ya rasa shi, sai dasashinsa ya riƙa jini, gaɓoɓinsa su kumbura, ya kasa tafiya. A shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga wannan cuta a jikin ɓerayen Masar da suka ciyar da hatsi zalla. Binciken nan nasu ya taimaka aka gane dalilin wannan cuta, wadda ta daɗe tana hallaka matuƙan jiragen ruwa. Ashe 'yar dabbar nan ta yi wa mutane rana.

Da damina ganye ba shi da wuya, ko'ina kore ne. Da rani ne a ke gane mai kiwon ƙwarai. Mutanen Dutsin-Ma sun yi sa'a, gama suna kusa da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a 1983, ga kuma masu lambu a fadamu. Yaro mai himma zai roƙi ganyen karas da na kabeji da latas wurin masu kayan miya, ya ƙara da ɗan tattasai marar yaji ko yankin gwaiba. Amma kada a ba shi albasa, ko tafarnuwa, ko ganyen dankalin Turawa, ko ciyawar da aka yi wa feshin magani, don suna cutar da shi. Ruwa kuma a sake masa sabo kullum.

Na biyu, wurin kwana. Masana kiwo sun ce mafi ƙanƙantar ɗakin da ya dace da ɓeran Masar biyu shi ne mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2, watau santimita 120 da 60. In ya fi haka, ya fi kyau. Kwali ko tsohon bokiti ba ɗaki ba ne. Kada a yi daɓen da ragar waya, don tafin ƙafarsa ba shi da gashi, waya ta kan ji masa ciwo. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa kwashe wadda ta jiƙe. A kuma ajiye masa tsohuwar tukunya a kwance, ya riƙa shiga ciki, gama dabba ce mai tsoro, hankalinta ba ya kwanciya sai tana da maɓuya.

Na uku, inuwa. Ƙasarsa ta asali tudu ce mai sanyi-sanyi, don haka ba ya jure zafi. Ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 18 da 24. A ƙasar Katsina kuwa, da bazara, wajen watan Afrilu, zafi ya kan kai digiri 40. Kejin da aka manta a rana, ko a ƙarƙashin rufin kwano, yana iya kashe shi tun kafin a taso daga makaranta. Sai a ajiye shi a gindin itace mai duhuwa, ko kusa da randa, a rufa jiƙaƙƙen buhu a gefe guda, a bar sauran gefen iska ta shiga. Da hunturu kuma a kāre shi daga iska mai sanyi.

Na huɗu, abokin zama. Ɓeran Masar ba ya son kaɗaici, a cikin 'yan'uwansa ya saba rayuwa. A ƙasar Suwizalan, tun 2008 doka ta hana mutum ya ajiye guda ɗaya tilo. Amma zomo ba abokinsa ba ne. Zomo ya fi shi ƙarfi, shuri ɗaya yana iya karya shi, kuma ya kan ɗauko cutar numfashi ya sa masa.

Na biyar, magani. In ya kwana bai ci kome ba, ko gashinsa yana zuba, ko yana zawo, sai a kai shi wurin malamin dabbobi. Kada a ɗebi maganin mutane a ba shi. Penisilin, wanda ya ke warkar da mutum, yana iya kashe ɓeran Masar.

Duk wannan aiki na dabba biyu ne kawai. Amma biyu ba su daɗewa suna biyu, in ɗaya namiji ne ɗaya mace. Mace ta kan yi ciki na kwana 59 zuwa 72, galibi ta haifi 'ya'ya 2 zuwa 4. 'Ya'yan su kan fito da gashinsu, idanunsu a buɗe, ran nan su fara gudu. Uwar tana iya ɗaukar wani ciki a ranar da ta haihu, 'yarta kuma tana iya ɗauka tun tana da wata ɗaya da 'yan kwanaki. A ce yaro a Kurfi ya sayi biyu ran kasuwa. In macen ta haihu sau 4 a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya 3, ya sami 12, ga iyaye 2, sun zama 14, ba a ma lissafa jikoki ba. Ɗakin da aka yi don biyu yanzu 14 ke ciki. Ganyen da ya ishi biyu ba ya isar kowa. Daga nan sai faɗa, sai ƙazanta, sai cuta. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ajiye mata biyu tare, in kuwa an riga an haihu, a ware 'ya'ya maza sa'ad da suka kai sati 3.

Wani lokaci kuwa ba yawa ne ke kawo matsala ba. Yaro ya kan ci jarrabawa ya tafi makarantar kwana. Gida ya kan tashi ya koma wani gari. Wani kuma marmari ne ya ƙare, sabon abin wasa ya zo. To, yaya za a yi da dabbar?

A Ingila an kafa wata ƙungiya ta hana zaluntar dabbobi a birnin Landan tun 1824, wadda a ke kira RSPCA. Ita da waɗansu ƙungiyoyi irinta suna da gidaje inda su ke karɓar dabbobin da masu su suka kasa riƙewa. Su kan ciyar da su, su yi masu magani, sa'an nan su nema masu sabon gida. Ba kuwa kowa su ke ba ba. Sai sun tambayi mai so girman ɗakin da ya tanada, da abin da zai riƙa ba su. Duk da haka gidajen nan su kan cika, saboda yawan masu sayen dabba ba tare da tunani ba.

Ƙasar Hausa tana da nata tsari tun dā, watau ba da kiwo. Mace a gari ta kan aika da akuyarta ƙauye wurin 'yar'uwa, a riƙa kula da ita, in ta haihu a yi rabo. Fulanin ƙasar Nijar kuma suna da al'adar da su ke kira haɓɓanaye. Mutum ya kan ba ɗan'uwansa aron karsana, in ta haihu ɗan'uwan ya riƙe maruƙa, ya mayar da uwar. Ba wanda ya taɓa cewa mai ba da kiwo ya yi abin kunya. Haka ya kamata yaro ya yi da ɓeran Masar. Ya shawarci iyayensa, ya nemi ɗan'uwa ko maƙwabci ko malamin makaranta mai son kiwo. Ya je da kansa ya ga wurin da za a ajiye su. Ya faɗi gaskiya game da shekarunsu, da wanne ne namiji, da ko akwai marar lafiya. Waɗanda suka saba da juna kuma kada ya raba su.

Waɗansu yara su kan ce, “Ai nawa ne, ina son sa, ba na ba kowa.” Amma so ba ya cika ciki. Wanda ya ke son dabba da gaske, ya fi so ya gan ta da ƙiba a gidan wani, da ya gan ta a rame a gidansu. Waɗansu kuma su kan ce, “Bari a sake shi a jeji ya nemi abincinsa.” Wannan kisa ne, ko da ba a ɗauki wuƙa ba. Ɓeran Masar ya daɗe a hannun mutane, bai san jeji ba. Ba ya hawa bisa, ba ya haƙa rami kamar gafiya. Kafin gari ya waye muzuru ko kare ko maciji ya gama da shi, in ya tsira kuwa shaho na nan da rana.

Malamai su kan ba da labarin da ya zo cikin hadisi, na wata mace da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema ba, har ta mutu. Kyanwa ma ke nan, wadda ta iya farauta. Ina ga dabbar da ba ta da kowa sai mai ita? Ɓeran Masar ya kan gane takun wanda ke kawo masa ganye, da ya ji shi sai ya yi ta kuka kamar fito. Wannan kuka roƙo ne, mai hankali ba ya toshe kunne.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke sha'awar kiwo ya fara gina ɗaki, ya san inda zai sami ganye da rani, ya kuma san wanda zai karɓa in tafiya ta kama shi. In ya ga waɗannan uku sun samu, ya saya, Allah ya sa albarka. In ba su samu ba, ya haƙura tukuna, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tambayoyi

1. Daga ina asalin ɓeran Masar ya ke?
2. Don me ya ke bukatar ciyawa kullum, da ɗanyen ganye kowace rana?
3. Faɗi abubuwa uku da ba a ba shi.
4. In mace ta haihu sau 3, kowace haihuwa 'ya'ya 4, nawa ke nan duka har da iyaye biyu?
5. Me ya kamata yaro ya yi in ya kasa riƙe dabbarsa?
6. Bayyana ma'anar wannan karin magana: ba a fafe gora ranar tafiya.