Allon ces na katako: kafin ka tura wa mai sayarwa a intanet kuɗinka, karanta wannan 🧵

1/ Sau biyu ina asarar kuɗi kan allon ces kafin hankali ya zo min. Ra'ayina yanzu: in kana son na katako wanda za ka riƙa yawo da shi tsakanin gida da makaranta, kar ka yi oda. Nemi kafinta ko masassaƙin garinku. Ku biyo ni ku ji dalili.

2/ Ni ɗan Zurgu ne, can wajen Rano da Kibiya, ina karatu a BUK. Duk hutu sai na bi hanyar Karfi, Bunkure, Rano. Wanda ya san yadda ake cusa kaya a but ɗin motar haya ya san jakarka ba ta da gata. Buhun masara a kanta, galan ɗin manja a gefe.

3/ Na farko da na saya, a hoto kamar na gidan sarki. Mai naɗewa biyu, da ɗan makulli. Kuɗin abincina na kusan sati biyu ya tafi a kai. Tafiya ɗaya tak, ƙarfen da ke haɗa ɓangarorin biyu ya fice da kusoshinsa. Da na leƙa ramin sai ga gari yana zuba. Ashe dussar katako ce aka matse da gam, aka manna mata takarda mai zanen itace. Dara ta ci gida.

4/ Irin wannan kusa ba ta kama shi sau biyu. In ya sha danshin damina kuma sai ya kumbura kamar burodi. Gwajinsa ba wuya: dubi bakin allon. Katakon gaske jijiyarsa tana zarcewa daga sama ta gangaro gefe. In zanen ya tsaya cak a baki, manne ne. Matsalar oda ke nan, hoto ba ya nuna maka gefe.

5/ Na biyu katakon gaske ne, mai maganaɗisu. Shi kuma hunturu ne ya kashe shi. Wajen ƙarshen Disamba na ji "ƙas" cikin dare, da safe na ga tsaga daga wannan baki zuwa wancan. Itace yana shan danshin iska yana kuma sakinsa. Wanda aka yi a ƙasa mai laima, ko aka yi da ɗanyen katako, in ya gamu da iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya, me kake zato?

Maganaɗisun ma gam ne ya riƙe su. Zafin but ya sa uku suka faɗo.

6/ Abin da ya juya min tunani a gindin bishiya na gan shi, inda dattawa ke dara. Ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Iska ta kaɗa, yaro ya gifta da gudu, ba abin da ya gusa, saboda kowane ɗa yana cikin gurbinsa. Na ce kai, ai maganin da nake nema ke nan tun tuni.

7/ Sai na ɗauki fasasshen allona na kai wa wani dattijon kafinta a Rano. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce: "Ɗan nan, nawa ka ce ka saya?" Na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Allah Ya mayar maka da alheri." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi 😭

8/ Na ce: "Baba, so nake a huda kowane gida, gida 64, a sa wa kowane ɗa 'yar ƙafa da za ta shiga ramin." Ya ce to dara ce ke nan. Na ce kusan haka. Bai yarda ya fara ba sai da ya zaɓo guntayen da suka daɗe a jingine a shagonsa. A cewarsa, busasshen katako mai arha ya fi ɗanye mai tsada. Wannan maganar ita ce rabin zaren nan.

9/ Batun irin itace, a nan na fi son mu tsaya. Madaci yana da kyau ga allo: yana karɓar aiki, launinsa ja-ja, nauyinsa daidai. Kirya ita ce ta turmi da taɓarya, gara ba ta cika damunta ba, sai dai nauyi, kuma tana cin bakin kayan aiki. 'Ya'yan ɓangare mai duhu kawai za a yi da ita. Masu haske kuma aduwa ta isa, wadda masassaƙa suka daɗe suna yin allon karatu da ita.

10/ Za a ce maka maɗobiya ta fi duka kyau. Gaskiya ne. Amma ita ce aka yi ta sarewa a Afirka ta Yamma ana lodi zuwa Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido tun 2017. Ban ga dalilin da za a kayar da bishiya don ni in yi wasa ba. 'Ya'ya 32 ne fa, ƙanana. Ragowar ƙofa da gado sun wadatar. In kana cikin Kano, 'yan katako na Na'ibawa ba sa rasa guntaye.

11/ Fenti: a'a. Yana ɓarewa, cikin wata uku baƙin gida ya koma fari. Da ƙarfe mai zafi aka ƙona min baƙaƙen gidajen, yadda ake zanen ƙwarya. Aka shafe da man kaɗe kaɗan. Ka dai tsaya a kansa lokacin zanen, ka tabbatar gidan kusurwar hannun damanka fari ne, kuma takwas-takwas ne. Kafinta bai san dokar wasan ba, ba laifinsa ba ne in ya yi maka tara.

12/ Doki ne ya ba mu wahala. Sarki, sarauniya, sojoji, duk ana iya fere su zagaye. Doki sai an sassaƙa da hannu. Na farkon da aka yi, ƙanena ya ce akuya ce. Na biyu kuwa ya fito da wuya a lanƙwashe kamar na hawan sallah. Bai yi kama da samfurin Staunton na 1849 da ake gasa da shi a duniya ba, kuma ko a jikina.

13/ Girma: kar ka kwaikwayi na gasa. Can gida ɗaya santimita 5 zuwa 6 ne, sarki kusan 9.5. Wannan ba ya shiga jakar goyo. Nawa gida santimita 3 ne, allon duka bai kai tsawon rula ba. Falle ɗaya, ba naɗi, don duk abin da ke buɗewa yana rufewa shi ke fara lalacewa. 'Ya'yan kuma tela ya ɗinka musu 'yar jaka da ragowar yadi. Ka sa a ƙara maka sojoji biyu da sarauniya ɗaya. Za su ɓace, ba ko tantama.

14/ Na san masu cewa "ga Lichess kyauta a waya". Ni ma ina bugawa. Amma a gida caji kuɗi ne, data kuɗi ce, kuma waya mutum ɗaya take ɗauka. Allo in ka ajiye shi a kan tabarma, kafin ka jera 'ya'ya yara shida sun kewaye ka. Tunde Onakoya da allo ya shiga unguwannin talakawan Ikorodu a 2018, kafin duniya ta san shi da wasan awa 60 a New York a 2024.

15/ Inda zan ba da kai: in gasa kake shirin shiga, sayi 'ya'yan roba da shimfiɗa mai naɗewa. Sun fi arha, sun fi jure wahala, kuma idonka zai saba da girman da za ka tarar a can. Sannan aikin kafinta sai haƙuri. "Dawo jibi" na ji ta sau huɗu.

16/ Duk da haka abin da na biya bai kai kuɗin na farkon nan na dussa ba, kuma ya ga hunturu ɗaya da damina ɗaya lafiya lau. Aibinsa guda: da damina ƙafafun suna kumbura su cije a rami, sai ka murɗa. Baba ya ce in kawo ya ɗan faɗaɗa ramukan.

17/ Ban kai ba har yanzu, don allon ba ya hannuna. Kawuna, wanda ya shekara yana cewa darar Turawa wasan marasa aikin yi ce (na gaya masa daga Indiya ta fito, ya ce duk ɗaya), shi ya riƙe shi tun hutun da ya wuce. Jiya ya kira ni yana tambaya wai da gaske doki yana tsallake mutane, ko ƙanena ne ke cutarsa.