Daga Nyohini: Wa Ya Gwada Jirgin Kafin Mu Shiga?

A wannan wata za mu ajiye alli mu gangara bakin ruwa. Wani zai ce ina ruwan mutumin Nyohini da jirgi, alhali ko kogi babu a Tamale? To, ai iyayenmu mata masu fataucin kifi da doya ta Salaga suke bi zuwa Makango, su haye Tafkin Bolta su sauka Yeji. Galibi kuwa ba babban jirgin kamfani suke jira ba, jirgin katako mai inji suke shiga.

Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye daji, kututturan itatuwa suka tsaya a ƙarƙashinsa kamar masu. A watan Afrilu na 2006 jirgin da ya ɗauko mutanen da aka tasa daga dajin Digya ya nutse da rayuka masu yawa. Kowane lokaci sai mu ce lodi ne ya yi yawa. Gaskiya ne. Amma yawa a kan wane ma'auni? Wa ya auna abin da jirgin zai iya ɗauka?

Masu ilmin ƙirar jiragen ruwa ba sa yarda da ido. Wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, ya gina doguwar kwatarniyar gwaji a garin Torquay wajen 1872. Yakan sassaƙa ƙaramin jirgi da kakin kyandir, ya ja shi a ruwan, ya auna yadda ruwa ke turje masa. Lissafinsa ko ɗan sakandare zai gane: in tsawon ƙaramin kashi 1 ne cikin 25 na babban, sai a ja shi da kashi 1 cikin 5 na gudun babban, igiyar ruwan da za su tayar ta zama iri ɗaya. Har yau da wannan ake aiki.

Shi ma ƙarfen jikin jirgi gwada shi ake yi. A Yaƙin Duniya na Biyu wasu jiragen dakon kaya na Amurka, masu suna Liberty, sun riƙa tsagewa a teku mai sanyi. Wata masaniya a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa sanyi ne ke mai da ƙarfen mai gautsi kamar tangaran. Shi ya sa ake yanko guntun ƙarfe, a yi masa tsaga, a sanyaya shi, a sake masa guduma mai lilo a ga ƙarfin da zai karya shi. Mu dai sanyi bai dame mu ba. Ruɓar katako da ƙusa mai tsatsa su ne namu.

Gwajin da ya fi shafar mu kuwa ba ya bukatar kwatarniya. Ana tsai da jirgi a ruwa mai kwanciya, a rataya igiya da dalma irin ta magina a tsakiyarsa. Sai a ɗauki nauyin da aka sani, a ce buhunan siminti masu kilo 50, a matsar da su gefe guda, a auna yadda igiyar ta karkata. Daga nan ake gane ko jirgin mai saurin kifewa ne. Sa'an nan a yi ta zuba buhuna, buhu ɗaya da rabi a madadin mutum guda, har ruwa ya kai iyakar da bai kamata ya wuce ba, a ja layi da fenti. Irin layin nan ne Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka a kai har ya shiga dokar Ingila a 1876.

Sai dai a lura, layi kaɗai ba ya isa. Jirgi yana iya zama bai kai layinsa ba, amma ya kife, in an jibga doya, aka ɗora babura a kai, mutane kuma suka hau bisa kayan. Nauyi ya koma sama ke nan. Ga ruwan da ya yoyo ciki yana gudu zuwa duk ɓangaren da jirgi ya karkata, ga guguwar farkon damina.

Dokar 2002 ta kafa Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Gana, kuma ta cire kututture a wasu hanyoyin tafkin. Roƙonmu gare ta shi ne kowane jirgin fasinja a gwada shi da buhuna a gaban jama'a ranar kasuwa, a rubuta adadin mutanensa a jikinsa da manyan lambobi, a kuma sake gwajin duk lokacin da aka canja masa katako ko aka ɗora masa inji mai nauyi. Sarakunan Zongo na Yeji da Salaga su kai wannan magana.