Dutsen da ke kan sarƙar lefe ado ne, ba ajiya ba

A kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, galibin duwatsun da ke ƙyalli a sarƙoƙi da 'yan kunnen lefe ba daimon ba ne, gilashi ne ko zirkoniya. Hatta daimon ɗin da ake ƙerawa da na'ura, wanda sinadarinsa ɗaya da na haƙa, farashinsa ya karye, har kamfanin De Beers ya sanar a 2025 cewa zai rufe Lightbox, reshensa mai sayar da shi.

Mata da yawa na sayen gwal saboda ɓacin rana. Amma ranar sayarwa, mai saye yakan cire nauyin dutse, ya biya kuɗin gwal kaɗai. Don haka kafin ki biya, ki sa a rubuta nauyin gwal daban a rasit.