Shimfiɗar Ɗan Kunkuru: Ƙasa Mai Danshi Ta Fi Yashi da Siminti

Kiwon kunkuru daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. A gidaje da dama akan tarar da shi yana yawo a tsakar gida, a yau kuma har ɗalibai da ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare suna ajiye 'ya'yansa a cikin akwati ko kwali a ɗaki. Abin da aka fi damuwa da shi shi ne abincin da za a ba shi, ba a cika tunanin abin da za a shimfiɗa masa ba. Wasu su zuba masa yashi, wai don dabbar hamada ce, wasu su bar shi a kan siminti don sauƙin shara, wasu kuma su ɗebo garin katako daga wurin kafinta. Dukkan waɗannan kurakurai ne da ke iya nakasa dabbar ko su kashe ta. Shimfiɗar da ta dace da ɗan kunkuru ita ce ƙasa mai tsabta, mai zurfi, mai ɗan danshi, kuma hujjar wannan tana cikin yadda yake rayuwa a daji.

Babban kunkurun yankin Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ana samun sa tun daga Senegal da Mali, ta Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har zuwa Sudan da Habasha. Shi ne na uku wajen girma a cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Yakan ƙyanƙyashe tsawonsa bai wuce kimanin santimita 5 ba, amma idan ya riƙa yana iya haura kilo 50. Ganin irin ƙasar da yake zaune a ciki ya sa mutane suke zaton rayuwarsa duka a kan rairayi mai zafi take. Alhali kuwa wannan dabba gwanar haƙa ce. Takan tona rami mai tsawon mitoci, ta shige ciki lokacin da rana ta take da kuma tsawon watannin rani, ta fi fitowa kiwo da damina. A can cikin ramin zafi ya fi sauƙi, iska kuma tana da laimar da babu ita a waje. Ke nan duk wanda ya ajiye ɗan kunkuru a kan busasshen yashi ya ba shi abin da yake gudu, ya hana shi abin da yake nema.

An gwada wannan batu a ɗakin bincike. A shekarar 2003 wasu masana biyu na jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da 'ya'yan wannan kunkuru guda 50. Sun raba su rukuni-rukuni, suka rene su wata 5, kowane rukuni da irin laimar iskarsa da yawan sinadarin gina jiki a abincinsa. Waɗanda suka tashi a busasshen wuri ƙoƙon bayansu ya fito da tudu-tudu masu tsini, waɗanda suka tashi a wuri mai laima kuwa nasu ya fi zama sumul, bambancin abinci kuma tasirinsa kaɗan ne. Akwai wasu abubuwan da ke da hannu a wannan nakasa, kamar zafin makwanci da saurin girma, amma darasin a fili yake. Ƙoƙon da ya riga ya karkace ba ya komawa daidai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Illar yashi ba ta tsaya ga bushewa ba. Yana manne wa ganyen da aka zuba wa kunkuru, ya haɗiye shi tare da abinci, a hankali ya taru ya toshe hanji. Dabbar ta daina ci, ta daina kashi, wani lokaci sai an yi mata tiyata. Yana kuma shiga ido ya kumbura shi. Tsakuwa ta fi yashi haɗari, domin kunkuru yakan tsinci ƙananan fararen duwatsu ya haɗiye. Haka nan ƙasar shuka furanni da ake sayarwa a buhu sau da yawa tana ɗauke da taki da wasu fararen ƙwayoyi masu jan hankalinsa. Rashin ruwa a jiki kuwa, wanda busasshiyar shimfiɗa ke ƙara tsananta shi, yana sa gishirin fitsari ya dunƙule ya zama dutse a mafitsara.

Garin katako shi ma abin gudu ne. Ƙurarsa tana shiga hanci da huhu, wasu itatuwa irin su fayin da sida suna da mai mai ƙamshi da ke cutar da dabbobi masu jan ciki, ga shi kuma ba a san ko an fesa wa katakon maganin gara ba. Siminti da tayil da takardar jarida kuwa ba sa toshe hanji, amma sun hana haƙa. A kan santsi ƙafafun ɗan kunkuru sukan zame su baje, ya tashi da gurguwar tafiya, siminti mai kaushi kuma ya goge masa ƙoƙon ciki. Takarda tana da amfani a wuri guda kawai: idan dabbar ba ta da lafiya, ko sabuwar zuwa ce ana so a duba kashinta na ɗan lokaci.

Abin farin ciki, shimfiɗar da ta dace ba ta da tsada. A ɗebo ƙasa daga wurin da ba a zuba takin zamani ko maganin ƙwari ko baƙin mai ba, a tankaɗe ta da rariya a fitar da tsakuwa da kwalba da leda. Kada ta zama yumɓu zalla, domin idan ya bushe sai ya ƙanƙare kamar tubali. Inda ake samun niƙaƙƙen ɓawon kwakwa na masu lambu, a jiƙa shi a gauraya da ƙasar, saboda yana riƙe ruwa. A zuba ta da zurfin santimita 10 zuwa 15, yadda ɗan kunkuru zai iya binne kansa, a danna ta da hannu don ƙafa ta sami wurin kamawa. Gwajin danshinta mai sauƙi ne: a damƙi ƙasar, idan ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi daidai. A bar gefe guda ya fi bushewa, a kifa tsagin tukunya ko ƙwarya a gefen da ke da danshi ya zama maɓoya. Abinci kuma a sa shi a kan faffaɗan dutse ko faranti, tare da kaskon ruwa marar zurfi.

Masu kāre busasshiyar shimfiɗa suna cewa danshi yana jawo fumfuna da ruɓewar ƙoƙo da mura. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma abin da suke tsoro caɓi ne da sanyi, ba danshi ba. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf, ta gauraya da kashi, ba shakka matattarar cuta ce. Maganin wannan shi ne a kwashe kashi da ragowar abinci kullum, a canza ƙasar duk lokacin da ta fara wari, a bar iska tana shiga. Lokacin hunturu ne ya fi buƙatar lura, domin a gari kamar Kano iska takan bushe ƙwarai da rana, da dare kuma sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan lokaci a yayyafa ruwa da hantsi, a tabbatar makwancin yana da ɗumi da dare. Duk wanda ya taɓa kunkuru ko ƙasarsa kuma ya wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela da waɗannan dabbobi ke ɗauke da ita.

Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa ɗaki wurin reno ne kawai. Ɗan kunkuru yana buƙatar hasken rana kai-tsaye, wanda bai ratso ta gilashi ba, don jikinsa ya sarrafa sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma cikin 'yan shekaru zai fi ƙarfin kowane akwati, dole ya koma fili mai ciyawa da inuwa da wurin haƙa. Bugu da ƙari, wannan dabba tana ƙarewa a daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci, ƙungiyar IUCN kuma ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Saboda haka bai dace a ƙarfafa wa yara gwiwar kamo ta ba. Amma wadda ta riga ta shigo hannu amana ce, kuma kunkuru ba ya kuka idan an cuce shi, sai dai a wayi gari a ga ya daina motsi. Ƙungiyar kimiyyar da ke da kunkuru a makaranta ta fara da duba ƙasan akwatinsa, idan yashi ne ko siminti, ta sauya shi tun kafin illa ta bayyana. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.