Dodon cikin waya ne ya tsone muku ido, na cikin daji fa?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Kwana uku ke nan ina haɗiye maganar nan tana dawo mini wuya. Ina da ɗan yaya, shekararsa 16, ba zan faɗi sunansa ba don kada a mayar da shi abin nuni a unguwa. Iyayensa sun baro ƙauyenmu da ke ta wajen Dogon Dawa lokacin da noma ya koma sai an biya haraji, suka dawo cikin garin Birnin Gwari suka kama ɗaki biyu. Da safe yana makaranta, da yamma yana jiran shagon cajin waya. Kusa da shagon akwai wani ɗan gidan gem, talabijin biyu da benci da ƙaramin janareta, a nan shi da abokansa suke zama bayan la'asar.

Makon da ya wuce yaron nan ya shiga wata gasa ta wasan Pokémon da wasu matasa suka shirya ta intanet, suka sa mata suna gasar ƙasa. Ya cinye zagaye na farko, ya cinye na biyu. A na uku yana gaba, saura kaɗan ya gama da abokin karawarsa, sabis ya ɗauke. Kafin ya dawo lokacinsa ya ƙare, aka rubuta an cinye shi. Da daddare ya kira ni murya na rawa, ya ce, "Baffa, wallahi ni na fi shi, netwok ne ya kayar da ni." Ni kuma da rawar kaina na sa labarin a shafina don in ƙarfafa masa gwiwa. Abin da na gani a ƙarƙashin rubutun shi ya jawo wannan.

Wani ya ce Allah Ya ƙara. Wani ya ce gari na fama da abin da ya dame shi, mu muna kukan wasan yara. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce wasan Yahudawa ne, kuma ni da ya kamata in tsawata ni ne nake zugawa. Ba a tsaya nan ba, jiya mai gidan gem ɗin ya gaya mini wasu manyan unguwa sun je wajen mai ginin, an ba shi zuwa ƙarshen wata ya kwashe kayansa.

Bari in fara da wasan kansa, don na lura yawancin masu zagin ba su taɓa ganinsa ba. Ni ma sai da yaron ya zaunar da ni ya koya mini. Pokémon ya fito a Japan a 1996. Mutumin da ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, tun yana yaro aikinsa kamun ƙwari a jeji, daga nan tunanin ya zo masa. Wato abin da muka yi muna yara, mu kamo gyare ko buzuzu mu haɗa su faɗa, shi ne wani ya zauna ya mayar da shi sana'a. Yanzu dodannin wasan sun haura 1000, kuma sun kasu jinsi 18. Na ruwa yana cin na wuta, na wuta yana cin na ciyawa, na ciyawa yana cin na ruwa, haka abin yake ta sarƙewa har ya zagaye jinsi 18 ɗin nan. A gasa kowa zai zo da dodo shida, a nuna wa juna, sannan kowa ya zaɓi huɗu a ɓoye, a riƙa fito da biyu-biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ku biyun kuna yanke shawara a lokaci guda, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya danna sai an buɗe. Don haka dole ka karanci mutum, ka hango abin da zai yi, ka hango cewa shi ma ya hango ka. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon ɗan dara a gindin bishiya ya san irin wannan lissafin. Ba saurin yatsa ba ne, kai ne.

Kuma kun san yadda yaron nan ya koya? A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako. Kusan wata biyu muka yi ba kira ba saƙo. Kun tuna yadda mutum zai shiga mota ya yi tafiya don kawai ya ji muryar ɗan'uwansa. A wannan zaman kurkukun ne yaro ɗan shekara 12 ya samu wani tsohon Pokémon da ba ya buƙatar intanet a wayar yayansa. Rubutun ciki duk Turanci, ba mai fassara masa. Da ƙamus ɗin makaranta ya riƙa bi kalma-kalma. Yau shi yake karanta wa mahaifiyarsa takardar magani. Na ga littafin da ya zana teburin jinsi 18 ɗin nan da hannunsa, layi-layi, wanda ya fi littafin lissafinsa tsabta, wannan kam na yi masa faɗa a kai.

Yanzu maganar addini, tunda ita aka ɗaga. Gaskiya ne a 2001 malaman fatawa na Saudiyya sun haramta Pokémon, kuma cikin dalilan da suka kawo akwai caca da ake yi da katunan wasan, da maganar rikiɗar halitta irin ta Darwin. Ban ɓoye wannan ba, kuma ni ba malami ba ne, ba zan buɗe baki in ce fatawa ta tashi ba. Amma wanda ya kawo mini labarin 2001 ya ƙaraso mini da na 2025. A shekarar nan kamfanin Scopely ya sayi wasan Pokémon GO da wasu wasannin kamfanin Niantic a kan dala biliyan 3.5. Scopely kuwa mallakin Savvy Games Group ne, shi kuma mallakin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. A 2024 birnin Riyadh ya karɓi gasar duniya ta wasannin kwamfuta, kyautar da aka raba ta haura dala miliyan 60. Abin da nake nufi, maganar tana da faɗi, ba ta kwamen ɗin layi ɗaya ba ce. A kai ta gaban malamai masu ilimi, a nuna musu wasan yadda yake, su ce ga iyaka. In ana caca a gidan gem, ni zan fara kai ƙara. In ana wasa har sallah ta wuce, a ja kunnen mai shagon. Wannan da nake magana a kai, da an kira sallah yake kashe janareta, ko don tsoron Allah ko don tsadar fetur, ni dai na ga yana kashewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙarfin halin da muka samu a kan yara. Mu mutanen Birnin Gwari ne fa. Mu ne muka ga abin da aka yi a Gwaska a watan Mayun 2018, aka kashe mutane da dama a rana guda. Mu ne muka yi shekaru hanyar Kaduna, tafiyar da ba ta wuce awa biyu da wani abu ba, sai ka yi wasiyya kafin ka hau. Dajin Kamuku da aka keɓe don namun daji da masu yawon buɗe ido, kowa ya san su wa suka gaje shi. A 2022 ƙungiyar BEPU ta yi ta kuka a jaridu cewa Ansaru suna jan matasa a gabashin masarautar nan, ta wajen Damari. A watan Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, nan kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Duk shekarun nan, sau nawa manyan unguwa suka taru suka je wajen mai gida suka ce ya kori ɗan haya saboda ana zargin infoma ne? Sau nawa aka ba mai sayar da ƙwaya wa'adin ƙarshen wata? Na san amsar, kuma ban ga laifin kowa ba, rai daɗi gare shi. Amma in mun san tsoro ne ya rufe mana baki a can, to mu ji kunyar nuna jarumta a kan mai talabijin biyu da benci.

Ku gaya mini, ranar 1 ga wata in an rufe shagon nan, yaran nan ina za su? Filin ƙwallo nawa ke gare mu da aka gyara? Ina ɗakin karatu? Gonar da za a ce su tafi, da yawa iyayensu ba su gama komawa ba, wasu kuma ba su da kuɗin taki. Abin da ya rage shi ne ramin zinare, inda yaro zai shiga da safe ba tabbas ya fito, ko bakin tasha, ko lungun da ake shan abin da ake sha. Kuma akwai masu jiran irin waɗannan yaran. Ba su zuwa da wa'azin haramcin gem, da waya sabuwa suke zuwa, da kati, da 'yan dubbai a ce kawai ka riƙa gaya mana wa ya sayar da shanu yau. Yaron da yake da abin da yake ɗoki bayan la'asar, yake da abokai da ke jiransa, yake ganin akwai abin da ya iya fiye da kowa, ya fi wuyar saye. Ban ce gem maganin ta'addanci ba ne, kada a juya mini magana. Na ce kada ku ƙwace abin da ke hannun yaro alhali ba ku da abin da za ku ba shi.

Alhamdulillahi, tun da aka yi sulhu a watan Nuwamba 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, an samu sauƙi. Motoci na bin hanya, tireloli na lodin hatsi da shanu. Kowa na da ra'ayinsa a kan sulhun, ni ma ina da nawa, ba yau ba. Amma ku duba wannan: mun iya zama inuwa ɗaya da wanda ya ajiye bindiga, mun ce a ba shi dama ya gyara rayuwarsa, kuma na yarda a ba shi. To yaron da bai taɓa ɗaukar ko gora ba fa?

Su ma masu shirya gasar ina da magana da su, don ba dattawanmu kaɗai suka yi wa yaron nan rashin adalci ba. Na san matasa ne, da kuɗin aljihunsu suke yi, Allah Ya saka. Amma kalmar ƙasa tana da nauyi. Kun sa doka cewa wanda sabis ɗinsa ya yanke ya faɗi, ba sake karawa. Kun sa wasan ƙarshe a Legas, kowa ya kai kansa. Sanarwa duk a manhajar da sai mai data mai ƙarfi ke buɗewa. To wannan gasar Legas da Abuja ce da aka gayyaci sauranmu kallo. Ku da kanku kuna ƙorafin cewa gasar duniya ta Pokémon ana ta yawo da ita, Yokohama a 2023, Honolulu a 2024, Anaheim a 2025, ba a taɓa kawo ta Afirka ba. Abin da kuke kuka an yi muku, shi kuka yi wa yaron Birnin Gwari. Me zai hana a ce wanda layinsa ya yanke a ba shi dama ɗaya a sake? Me zai hana a samu shago ɗaya a Kaduna ko Zariya ko Kano mai intanet mai kyau, 'yan Arewa su taru a nan su yi nasu zagayen? Ba kuɗi ne ya hana ba, ba ku tuna da mu ba ne kawai.

Wani zai ce duk wannan surutun a kan wasa? E, a kan wasa. Dambe ma wasa ne, mahauta suka riƙe shi ana yi musu kallon banza, yau ana kallonsa a YouTube daga ƙasashen da ba su san inda Kano take ba. Kuma ban ce ɗan yayana zai ci abinci da Pokémon ba. Wataƙila nan da shekara biyu ya manta da shi. Amma Turancin da ya koya ba zai manta ba, da haƙurin zama a yi lissafi, da sanin cewa ya kara da yaran manyan birane ya kayar da biyu daga shagon caji.

Dattijon da ya yi mini faɗa, Baba, girmanka na nan, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan zo har gida in gaishe ka. Roƙona ɗaya, kafin ƙarshen wata ka bi ni mu je shagon nan ka zauna minti 30 ka ga abin da suke yi. In ka ga caca ko batsa ko wasa da sallah, da hannuna zan taya a fitar da bencin. In ba ka gani ba, ka taya ni yi wa mai ginin magana, don maganarka ta fi tawa shiga.

Masu shirya gasar sun ce akwai wani zagaye wata mai zuwa. Na riga na gaya wa yayana ranar zan ɗauki yaron mu tafi Kaduna tun da safe, ya buga inda sabis ba ya ɗaukewa. Akwai abokansa biyu da su ma suke so, kuɗin motar mutum ɗaya ne ya rage. Wanda ke da shago ko ofis mai intanet a Kaduna da zai ba mu aron kujera uku na yini ɗaya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.